Gida a bakin tekun Legas: ganin ruwa, zaman waje da suturar iyali

"Assalamu alaikum. Ni ɗan Kano ne, na daɗe ina kasuwanci a Legas. Allah ya hore mini fuloti biyu a wajejen Ibeju-Lekki, daga wurin ana jin ƙugin teku. Burina in gina gidan da zan riƙa ganin ruwa daga falo da ɗakin kwana, mu kuma riƙa zama a waje da iyali da yamma. Wani ya nuna mini zane, gaban gidan duk gilashi ne tun daga ƙasa har sama, ya burge ni ƙwarai. Amma uwargida ta ce ita ba za ta zauna a gidan da duk mai wucewa zai gan ta ba. Ta ina zan fara, kuma wa ya fi gaskiya tsakaninmu?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a filin, ya sa a gina lafiya a shiga lafiya. In na fahimce ka, abu uku kake nema a gida ɗaya: ka ga teku, ka sha iska a waje, iyalinka kuma su kasance cikin sutura. Ukun duk suna samuwa, amma ba a zanen da aka nuna maka ba. Hajiya ta fi ka gaskiya, kuma ko da babu maganar sutura zan hana ka bangon gilashin nan, saboda dalilai na gini zalla. A aikina na zanen gidaje a wannan yanki, abin da nake gaya wa kowa shi ne, a bakin teku baranda ita ce gidan, ɗakuna suna bin bayanta ne. Amma kafin mu kai ga baranda, sai mun tabbatar ƙasar da za a ɗora ta tana nan daram.

Filin tukuna

Gaɓar tekun Legas ba a tsaye take wuri guda ba. Igiyar ruwa tana kwasar yashi daga yamma tana kai shi gabas, shekara da shekaru. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jera duwatsu cikin teku a bakin mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe hanya. Yashin sai ya taru a yamma, gabas kuma ta rasa mai ciyar da ita, teku ya dinga cin Bar Beach har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Wannan ne asalin aikin Eko Atlantic, sabon birnin da aka cike teku da yashi ana ginawa a wurin, da katangarsa ta duwatsu da manyan curin kankare. Gabas da nan, mutanen Alpha Beach da Okun Alfa sun ga gidaje da itatuwan kwakwa sun tafi cikin ruwa, a watan Agustan 2012 kuma teku ya yi toroƙo a Kuramo cikin dare, aka yi asarar rayuka. Filinka yana kan wannan layin ne, can gaba.

Don haka kuɗin farko da za ka kashe na safiyo ne, ba na mai zane ba. A auna tazarar da ke tsakanin filin da inda ruwa ke kaiwa idan teku ya cika. Ƙa'idar gine-gine ta jihar Legas ta ce a ja da baya mita 150 daga teku, mita 50 daga lagun, wato kwantaccen ruwan nan na cikin gari, kuma hukumar ba da izinin gini, LASPPPA, da wannan take duba takardunka. A kai lambobin awon ofishin babban safiyo na jiha a duba ko filin yana cikin wanda gwamnati ta riƙe, ko kuwa an yanke wa ƙauyen an buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Rasidin 'yan ƙasa, waɗanda ake kira omo onile, shi kaɗai ba ya tsayawa a gaban katafila. A kuma duba inda babbar hanyar Legas zuwa Kalaba ta bi, mai tsawon wajen kilomita 700. A ƙarshen Afrilun 2024 saboda ita aka rushe gine-ginen shaƙatawa na Landmark da ke bakin ruwa, kuma masu wurin ba ƙananan mutane ba ne.

Akwai wani bincike da ba ya cikin takarda. Ka je filin a watan Yuni ko Yuli, bayan an kwana ana ruwa, ka ga inda ruwa ke kwanciya. Ka nemi tsofaffin masuntan ƙauyen ka tambaye su inda bakin ruwa yake lokacin ƙuruciyarsu. Idan suka nuna maka can cikin teku, ka san inda aka dosa.

Sai maganar ganin ruwan kansa. Jin ƙugin teku daban, ganinsa daban. Abin da nake yi kafin in ja layi ko ɗaya, ina sa a kafa sikafol na gora a filin, a hau a tsaya a kan tsayin mita 4, wato daidai benen farko, a sake hawa zuwa mita 7. Mai gida ya hau da kansa idan zai iya, a ɗauko wa uwargida hoto ta kowace fuska. Sau da yawa daga ƙasa ba a ganin komai sai tudun yashi da katangar wani. Ka kuma tambayi kanka, filin da ke tsakaninka da ruwa na waye? Ranar da mai shi ya tashi gina bene hawa uku, babu kotun da za ta hana shi don kawai ya tare maka teku. Idan akwai irin wannan fili, a karkata barandar ta kalli inda ba za a taɓa ginawa ba, kamar bakin titin da ya miƙe zuwa ruwa.

Rana da iska suna tare da kai

A nan ka yi sa'a. Tekun Legas a kudu yake, kudu kuwa ita ce fuskar da ta fi sauƙin karewa daga rana. Legas tana kusa da tsakiyar duniya, digiri 6 da ɗoriya a arewa. Daga Afrilu zuwa farkon Satumba rana ta arewacin gidanka take bi, ba ta taɓa fuskar teku da tsakar rana. Ko a Disamba, da ta fi karkata kudu, tsayinta da azahar ya kai digiri 60. Lissafin ke nan: ƙofa mai tsayin mita 2.4 tana buƙatar rufin da ya fito wajen mita ɗaya da rabi don ta kasance a inuwa. Masu wahala su ne gabas da yamma, inda rana ke shigowa a kwance. Waɗannan bangwaye biyu a rage musu tagogi, a sa musu banɗaki, sito da matakala.

Iska kuma mafi yawan shekara daga kudu maso yamma take zuwa, daga kan ruwa, sai hunturu ya juyo da ita na ɗan lokaci. Zafin Legas ba irin na Kano ba ne. A gida muna gina bango mai kauri da ƙananan tagogi mu rufe zafi a waje, dare ya yi a fito tsakar gida. A Legas laima ce ke damun mutum, gumi ba ya bushewa, dare ba ya sanyi sosai, maganinta kawai iska mai wucewa ta jikinka. Saboda haka gidan ya zama siriri, ya miƙe daga gabas zuwa yamma, kowane ɗaki da taga a kudu da wata a arewa don iska ta shiga ta fita. Ɗakin da ke da taga ta fuska ɗaya, ko da teku yake kallo, ba ya shan iska. Idan ka samu sarari ka leƙa Jaekel House a harabar jirgin ƙasa ta Ebute Metta, ginin 1898, ka ga faɗin barandarsa da yawan tagoginsa. An gina shi ne don a rayu a ciki babu na'urar sanyaya ɗaki.

Yanzu ga laifin bangon gilashi. Gilashin da ba shi da inuwa zafi yake tarawa, gidan ya koma ba ya zaunuwa sai da esi dare da rana, kai kuma ka san kuɗin dizal. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, cikin 'yan kwanaki gilashin zai yi hazo-hazo, wanda ke sama kuma ba mai isa ya goge shi sai da tsani. Manyan ƙofofin nan masu zamewa, yashi da gishiri suna shiga layin tayoyinsu, sai an sa ƙarfi kafin su buɗu. Da dare kuwa teku baƙi ƙirin yake, babu abin gani, kai ne da ka kunna fitila ka zama abin kallo, gidan ya koma kamar akwatin talabijin ga duk wanda ke bakin ruwa. Ƙarshenta a sa labule mai kauri a rufe, an biya kuɗin gilashi an koma kallon yadi.

Baranda

Barandar da nake nufi ba irin ta gidajen haya ba ce, mai faɗin mita ɗaya, wadda ke ƙarewa wurin shanya da ajiye bokiti. Faɗinta daga bango zuwa baki kada ya gaza mita 3. Da wannan za a shimfiɗa babbar darduma, a ajiye tire, mutum shida su zauna, wani ya wuce ta bayansu bai tsallake kowa ba. Da wannan faɗin kuma feshin ruwan sama, wanda shi ma daga kudu maso yamma yake bugowa, zai jiƙa bakin ne kawai, rana kuma ba za ta taɓa ƙofofin falo ba. Daɓenta ya yi ƙasa da na falo da ɗan yatsa biyu ko uku, ya gangara waje, tayil ɗin ya zama mai kaushi wanda ba ya santsi. A sa fanka a silin ɗinta, domin akwai daren da iska ke ɗaukewa ɗif, sauro ya samu gari.

A benen farko za a yi ta, falon iyali da ɗakin mai gida su buɗe a kanta. Wato a juya tsarin da aka saba: zaman iyali a sama, ƙasa kuma falon baƙi, gareji, sito da ɗakin samari. Riba biyu ke nan. Daga sama ake ganin ruwa, kuma ranar da ruwa ya shigo fili, abin da zai taɓa kaɗan ne.

Ga wani ƙaramin abu da masu zanen da ba su san zamanmu ba suke kuskurewa. Suna auna tsayin ido daga kan kujera, wajen mita 1.2. Mu kuwa idan an sake, a ƙasa ake zama, idon wanda ke kan darduma bai wuce santimita 75 zuwa 80 daga daɓe ba. Idan aka yi wa barandar katangar bulo mai tsayin mita ɗaya, Hajiya za ta zauna ta jingina da filo ta ga bango da sararin sama, teku ya ɓace. Abin da nake yi, ina tayar da bulo santimita 45 kawai, wanda zai ɓoye ƙafafu da kwanukan abinci daga mai kallo ta ƙasa, sannan a ɗora sanduna a kai har tsayin ya kai mita 1.1 saboda yara. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 10, kuma a tsaye za a jera su, don na kwance tsani ne ga yaro.

Suturar kuma ta hanyoyi uku take zuwa. Da rana, inuwar baranda mai zurfi kanta mayafi ce, wanda ke tsaye cikin hasken yashi ba ya ganin abin da ke cikin duhunta sosai. Gefe biyu, gabas da yamma, a rufe da bulo mai huda, irin wanda aka yi wa ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan tun shekarun 1950, iska ta wuce, idon maƙwabci da ranar la'asar su tsaya. A gaba kuma a sa ƙyauren katako masu tsaga-tsaga da ake turawa gefe, ranar Lahadi da bakin ruwa ya cika da 'yan shaƙatawa a ja su, na ciki yana gani, na waje ba ya gani. Fitilun baranda a sa su ƙasa-ƙasa, marasa ƙarfi.

Kada ka yar da tsakar gida don ka zo bakin teku. A yi ta a arewacin ginin, inda ginin kansa ya tare iskar gishiri. Nan ne wurin girkin taro, wanki, shanya, wasan yara da 'yan shuke-shuken da ba sa jure gishiri. Ta fuskar teku kwakwa ce ke jin daɗi, amma a nisanta ta da wurin zama da inda ake ajiye mota, don faɗowarta ba ta sallama. Baƙi maza su shigo ta zaure kusa da get, su bi ta gefen gida zuwa tasu rumfar a ƙasa, ba tare da sun ratsa tsakar gida ba. A bakin ƙofar da ke fita zuwa ruwa a sa famfo da ɗan dakali, a wanke yashin ƙafa, a yi alwala. Ƙofar nan kuma ta kasance da kwaɗo a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Tekun Legas yana da ja, yana ɗauke har wanda ya iya iyo, yaranmu kuwa mafi yawansu ko kududdufi ba su taɓa shiga ba.

Gishiri

Nan ne kuɗin yake tafiya, kuma nan ne ake cutar mai gida, don duk abin da aka yi ba daidai ba a ɓoye yake sai bayan shekaru. Kankare yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Gishiri yana bi ta nan har ya iske rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki-ninki, sai ta tura kankaren ya tsage ya ɓare. Idan ka ga ƙasan baranda a Lekki da jan zane-zane da rodi a waje, abin da ya faru ke nan.

Maganin a ranar zuba kankare yake. Tsakanin rodi da fuskar kankare a bar santimita 5 a duk abin da iskar teku ke taɓawa, a ɗaura 'yan ƙananan curin siminti a jikin rodin don kada ya kwanta a kan katako. Na sha zuwa wurin aiki in tarar an tallafe rodin daɓen bene da tsakuwa ko guntun bulo, ana fara zubawa lebura ya taka, rodin ya koma ƙasa. Kada a cika ruwa a kwaɓi, ko da leburori sun yi ƙorafin yana musu nauyi a shebur, ruwan kada ya kai rabin nauyin siminti. A girgiza shi da inji ya zauna, a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Abu mafi muhimmanci, yashin bakin teku haramun ne a ginin nan, komai arharsa da kusancinsa, haka ma ruwan rijiya mai zartsi. Wanda ya kwaɓa da su ya zuba gishirin a ciki da hannunsa. Bulon da za ka saya ma ka tambayi da wane yashi da wane ruwa aka buga shi.

Duk ƙarfen da ke waje abin zargi ne. Baƙin ƙarfe mai fenti, irin na get da ƙarfen taga da muka saba, ba ya daɗewa. Farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa ma iri-iri ne: mai lamba 304, wanda ya cika kasuwa, yana yin ɗigo-ɗigon tsatsa a bakin teku, mai lamba 316 shi ne na wurin, saboda an haɗa masa wani sinadari da ke jure gishiri. A ido ba a bambanta su, don haka a rubuta lambar a takardar ciniki. Rufi a yi da kwanon alminiyam mai kauri, a ɗaure shi da kyau a jikin gini don iska tana shiga ƙarƙashin baranda ta ɗaga, kuma kada a kafe shi da ƙusar baƙin ƙarfe, domin idan ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu da ruwan gishiri, ɗaya yana cin ɗaya, ramin ƙusa ya buɗe, yoyo ya fara. Katako kuwa gishiri bai dame shi ba kamar ƙarfe. Iroko ya dace da ƙyaure da tagogi, ekki kuma, wanda ake yin gadar jiragen ruwa da shi, ya dace da duk inda ruwa ke duka. Injin esi na waje, janareto da akwatin wuta duk a kai su arewacin gida. Abin da ya rage a fuskar teku a riƙa wanke shi da ruwan daɗi a kai a kai, wannan aikin ya zama cikin albashin mai gadi.

Ruwa na da nasa zancen. A wannan yanki ka haƙa mita ɗaya ko ƙasa da haka da damina ka tarar da ruwa, saboda haka sokawe irin na Kano ba ya tsotsewa, yana cika ya dawo. A yi tankin bayan gida rufaffe wanda ruwa ba ya shiga, a ɗaga shi, a nisanta shi da rijiya. Burtsatse mara zurfi sau da yawa zartsi take bayarwa ko jan ruwa mai ɓata tayil da fararen kaya. Amma sama tana ba ka kyauta: Legas tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, rufi mai faɗin murabba'in mita 200 zai tara lita 300,000. A sa indararo mai faɗi da tankuna a bisa ƙasa, a bar ruwan farko ya wanke gishirin kwano ya zube kafin a tara.

Idan kai mai zuwa gida Kano ne da Sallah, ka san wannan: gidan bakin teku da aka kulle ruf na wata guda, za a dawo a tarar da fumfuna a takalman fata, a jikin shaddodi, har bayan katifa. A bar ƙananan ƙofofin iska a saman bango, masu raga, waɗanda ba a rufewa. Wadirof kada ya manne da bangon waje, ƙyaurensa ya zama mai tsaga.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan. Irin harsashin da ginin zai hau, ko shimfiɗar kankare guda ce ko sai an kafa turaku cikin ƙasa, wannan hukuncin injiniya ne bayan an haƙa an gwada ƙasar filinka, domin a Lekki fuloti biyu maƙwabta kan bambanta, ɗaya yashi, ɗaya taɓo a ƙarƙashi. Haka ma yawan ɗaga daɓen ƙasa, safiyo ne zai ba da tsayin titi da na inda ruwa ke kaiwa, a ɗora a kai. Kada ka biya kuɗin cikakken zane sai sakamakon awo da na gwajin ƙasa suna hannunka. Idan awon ya nuna filin ya faɗa cikin mita 150 ɗin nan ko kan layin hanya, kada ka zuba ko buhun siminti ɗaya, ko da wanda ya sayar maka ya rantse cewa kowa ma haka ya gina. Idan kuma ya fita lafiya, ranar zama da mai zane ka tafi da Hajiya, ta nuna masa da kanta inda take son zama da yamma da wanda ba ta son ya gan ta daga can.